Tambaya da Amsa: Malam, bidiyon jinin shanuna ya ƙi buɗuwa a ImageJ

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, da gani lokacin furojet ne ya kama ɗalibai a wuya, kowa na son ya mayar da bidiyo hotuna ya yi awo a kansu. Na ɗauki guda huɗu, ta farkon ce za ta ci mana wuri sosai don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni, ya aiki ya sanyi. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a nan Jos, furojet ɗina a kan sammore ne, muna ɗibo jinin shanu a kara mu zo mu duba a maikiroskof. Sufabaiza ɗina ya ce in ɗauki bidiyon ƙwayar cutar tana motsi sannan in auna saurinta da wata manhaja wai ita ImageJ. To na ɗora waya a kan idon maikiroskof ɗin na ɗauki guda goma sha biyu kowanne kamar minti ɗaya, wasu ma da wayar ƙawata aka ɗauka ta turo min ta WhatsApp, amma wallahi ImageJ ɗin ko ɗaya bai buɗe ba, wani yaro a kafe ya juya min guda ɗaya zuwa AVI shi kuma ina buɗewa sai laftof ɗin ta tsaya cak ta rubuto wai memori ya ƙare. Ram ɗina giga 4 ne. Dan Allah laftof ɗin ce matsalar ko manhajar, don saura wata ɗaya da rabi in yi difens. Daga wata ɗaliba a Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sanyi kam alhamdulillah muna ta fama. Ki kwantar da hankalinki, laftof ɗinki lafiyarta ƙalau, manhajar ma haka. ImageJ ba sabon abu ba ne, wani mutum mai suna Wayne Rasband ne ya rubuta shi a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka da ake kira NIH, ya fito a 1997, kafin shi ma akwai yayansa NIH Image tun 1987 wanda a kwamfutar Macintosh kawai yake aiki. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma masu bincike a duk duniya da shi suke ƙirga ƙwayoyi da auna tsawo. Amma an gina shi ne don hotuna, shi bidiyo a wurinsa ba komai ba ne illa hotuna da aka jera ɗaya kan ɗaya kamar shafukan littafi, kowane shafi ana ce masa firam. Ita kuma wayarki ba haka take ajiye bidiyo ba, tana matse shi ne da wani tsari, galibi H.264 a cikin fayil ɗin MP4, inda za ta ajiye cikakken hoto guda ɗaya sannan a firam ɗin da ke biye ta rubuta abin da ya canja kawai, don kar wuri ya cika. ImageJ shi kaɗai bai iya warware wannan ƙullin ba, AVI yake karantawa, shi ma sai wanda ba a matse ba ko wanda aka matse da JPEG ko PNG. Shi ya sa ya ƙi buɗe miki.

Maganar memori kuma lissafi ne kawai, zo mu yi tare. Bidiyon waya na yau da kullum faɗinsa fiksel 1920 ne tsayinsa 1080, fiksel shi ne ɗan ƙaramin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, in kin ninka za ki samu fiksel 2,073,600 a firam ɗaya. Hoto mai launi ImageJ na ba kowane fiksel bayit 4, kin ga firam ɗaya ya haura megabayit 8 ke nan. Waya na ɗaukar firam 30 a daƙiƙa, minti ɗaya firam 1,800, ki ninka da takwas da ɗoriya za ki ga kusan gigabayit 15. Ke kuma giga 4 gare ki, a ciki ma Windows ya ci nasa kason. Kamar a ce za a juye tankar ruwa a cikin tulu ne.

Hanyar da nake bi ita ce in fara yanka bidiyon tun kafin ya je wurin ImageJ. Akwai wata manhaja kyauta sunanta FFmpeg, ba ta da maɓallai masu kyau, rubutu ake mata a baƙin allon nan na kwamfuta, amma layi ɗaya ya ishe ki. Ki sa bidiyon a folda ɗinsa shi kaɗai ki rubuta:

ffmpeg -ss 5 -i jini1.mp4 -t 10 firam_%04d.png

Inda na sa jini1.mp4 sunan bidiyonki za ki sa. Ma'anarsa ta tsallake daƙiƙa 5 na farko inda hannu ke rawa, ta ɗauki daƙiƙa 10, ta zuba miki su hoto-hoto da suna firam_0001, firam_0002 har zuwa ƙarshe. Sifilin nan da ke gaban lamba suna da amfani, su ne ke hana firam na 10 ya shiga gaban na 2 wajen jeri. Daga nan ki buɗe ImageJ ki shiga File, Import, Image Sequence, ki nuna masa foldar, ki zaɓi 8-bit wato baƙi da fari, tunda saurin ƙwaya kike nema launi ba ya ƙara miki komai, firam ɗin zai dawo megabayit 2. Daƙiƙa 10 firam 300 ne, megabayit 600 da ɗan wani abu, laftof ɗinki za ta ɗauka. In kin ga har yanzu tana nishi sai ki sa alama a akwatin da aka rubuta Use virtual stack, wannan yana sa shi ya riƙa ɗauko firam ɗin da kike kallo kaɗai daga faifai maimakon ya loda duka, yana da ɗan nauyin tafiya amma ba ya kashe kwamfuta. Sannan ki leƙa Edit, Options, Memory & Threads ki ga nawa aka ware masa, kar ki ba shi fiye da kashi uku cikin huɗu na ram ɗinki. Ni shawarata ma ki sauke Fiji, shi ma ImageJ ne amma an riga an haɗa masa kayan aiki da yawa a ciki, har da na bin sawun abu mai motsi, kuma a wajen sabunta shi akwai inda za ki sa alama a kan FFMPEG ya riƙa buɗe MP4 kai tsaye.

To wannan duk mai sauƙi ne, rana ɗaya kin iya. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne abin da ba ki faɗa ba. Sauri fa tazara ce a raba da lokaci, kuma ban ji kin ce kin san tsawon fiksel ɗaya a bidiyon nan ba, ban kuma ji kin ce kin tabbatar da lokacin da ke tsakanin firam da firam ba. In babu waɗannan biyun duk lambar da ImageJ zai ba ki ado ce kawai, zai fito miki da tebur mai kyau da lambobi jere bayan ɗigo, ki kai wa sufabaiza, alhali ba ta nufin komai.

Mu fara da tazara. A lab akwai wani gilashi da ake kira siteji maikiromita, milimita ɗaya ce aka raba gida 100, kowane gida maikiromita 10. In babu shi, gilashin ƙirga ƙwayoyin jini na Neubauer kusan kowane lab yana da shi, ƙananan murabba'an da ke tsakiyarsa kowane gefe maikiromita 50 ne. Ranar da za ki ɗauki bidiyo, da wayar da lens ɗin da zum ɗin duk a yadda suke ba ki taɓa komai ba, sai ki ɗauki ɗan gajeren bidiyon wannan gilashin shi ma, bidiyo fa na ce ba hoto ba, don waya ba ta yanka hoto da bidiyo iri ɗaya. A ImageJ ki ja layi daga wannan zane zuwa wancan ki shiga Analyze, Set Scale, ki gaya masa tsawon layin na gaskiya, ki sa alama a Global. Ni wannan abin ya taɓa cina, shekarun baya ina aiki a wani lab na ɗauki kusan sati biyu ina tara bidiyo, ashe wanda muke karɓa-karɓa da shi yana ɗan matso da zum da yatsa don ya ga abu da kyau sannan ya bar shi haka, da na zo lissafi sai na ga ƙwayoyin ranar Talata sun fi na ranar Litinin girma da sauri, na yi ta murna ina zaton na gano wani abu, sai da na lura jajayen ƙwayoyin jinin ma sun kumbura tare da su sannan jikina ya yi sanyi. Duk aikin nan haka na ajiye shi na sake daga farko, kuma tun daga ranar ba na ɗaukar komai sai na fara da gilashin awo na kuma rufe da shi.

Lokaci kuma ya fi wannan ɓoye kansa. Waya za ta rubuta miki firam 30 a daƙiƙa amma yawancin wayoyi ba sa tsayawa a kan haka, in haske ya yi ƙasa sai ta rage da kanta don hoto ya yi haske, kuma a maikiroskof haske kullum ƙasa yake in kin rufe shi don ƙwayar ta fito. Ki ɗauka ƙwayar ta yi tafiyar fiksel 40 daga firam na 1 zuwa na 31, kuma fiksel ɗinki rabin maikiromita ne, tafiyar maikiromita 20 ke nan. In firam 30 ne a daƙiƙa, saurinta 20 a daƙiƙa. In kuwa ashe wayar ta sauka zuwa 24, lokacin ya zama daƙiƙa ɗaya da kwata, saurin gaskiya 16 ne. Kin ga kin ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da kin sani ba, kuma wataƙila bambancin da kike nema tsakanin shanun da aka ba magani da waɗanda ba a ba ba bai ma kai haka ba. Ki sauke MediaInfo, ƙaramar manhaja ce, ki jefa bidiyon a ciki za ta gaya miki ko saurin firam ɗin tsayayye ne ko mai canjawa, da mafi ƙaranci da mafi yawa. Wajen ɗauka kuma in wayar Android ce akwai Open Camera, kyauta, tana bari ki kulle haske da fokas, a wayoyi da yawa har saurin firam za ki iya zaɓa. Bayan kin shigo da hotunan ki je Image, Properties, ki rubuta tazarar lokacin da hannunki, don hotunan PNG ba sa tafe da wannan labarin.

Waɗanda aka turo miki ta WhatsApp kuwa ki koma wurin ƙawarki ki kwaso na asali da kebul, ko ta turo su a matsayin dokumen. In aka tura bidiyo a matsayin bidiyo WhatsApp na sake matse shi ya rage girmansa, ƙwayar da tsawonta bai wuce maikiromita ashirin da wani abu ba sai ta koma wani dishi-dishi, bulalarta ta ɓace.

Gaskiyar da zan gaya miki a matsayin yayanki ita ce bidiyon nan goma sha biyu ki yi koyo da su, amma ki sake ɗauka. Wata ɗaya da rabi ya isa. Ki nemi abin riƙe waya na maikiroskof, in bai samu ba ki yanka kwali mai kauri ki huda shi daidai idon ki ɗaure wayar da robar ɗaure kuɗi, hannun mutum ba ya tsayawa, kuma duk rawar da ya yi manhaja za ta lissafa ta a matsayin tafiyar ƙwaya. Ki shafa ɗan basilin a gefen ƙaramin gilashin rufi, don in iska na shiga ga zafin fitila ga bushewar hunturu, jinin zai riƙa gangarawa gefe guda ya kwashi komai ya tafi da shi, za ki gane haka in kin ga jajayen ƙwayoyin duk suna bin hanya ɗaya kamar masu dawowa daga Idi. Sannan ki rubuta ƙarfe nawa aka ɗibi jinin, ƙarfe nawa kika ɗauki bidiyon, da zafin ɗakin. Mu a Jos wannan ba wasa ba ne, silaid ɗin da kika duba da safe a watan Disamba hannu na karkarwa da wanda kika duba da azahar ba za su yi motsi iri ɗaya ba, sanyi na rage musu kuzari. Daƙiƙa 10 daga wurare biyar daban-daban a silaid ya fi minti ɗaya a wuri guda.

Kuma ki san wace iri kike kallo tun kafin ki haɗa lissafinsu wuri ɗaya. Wadda ake kira vivax tana tsallake filin kallo da gudu, kafin ki ƙifta ta fita. Congolense ƙarama ce mai nauyin jiki, sau da yawa tana maƙale da jajayen ƙwayoyi. Brucei kuma tana ta mutsu-mutsu da ƙarfi amma ba ta yin nisa. In kin zuba su a kwando ɗaya kika fitar da matsakaicin sauri, ba saurin kowa kika samu ba. Kina da sa'a ma Vom na kusa da ke, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana can tun 1924, cibiyar binciken sammore da ƙudan tsando mai hedikwata a Kaduna ita ma tana da reshe a can, ki roƙi sufabaiza ya ba ki takarda ki je ki ga yadda masu aikin ke bambance su. Wajen bin sawun kuma ki fara da Manual Tracking a cikin Fiji, kina danna kan ƙwayar firam bayan firam shi kuma yana rubutawa, akwai gajiya amma idonki ne alƙali. Ki kula yana zuwa da wasu lambobinsa na lokaci da girman fiksel a cikin akwatunan, ki goge ki sa naki. TrackMate da aka rubuta a cibiyar Pasteur ta Faransa yana bin sawu da kansa, sai dai a jini mai cunkoso yana ruɗewa ya bar ƙwayar cutar ya bi jajayen ƙwayoyin jini, sai in kin tsinka jinin sosai. Allah ya ba da sa'ar difens.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikacin lab ne, oga ya sayo wata kyamara mai USB ya ce in riƙa ɗaukar yadda saiwar acca ke tsiro, hoto ɗaya duk bayan minti goma har kwana biyu. Na gwada barin bidiyo yana tafiya sai faifai ya cika kafin asuba, kuma aka ɗauke wuta komai ya lalace. Akwai yadda ImageJ zai riƙa ɗauka da kansa? Daga wani ɗan'uwa a Bukuru.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ai kai ba bidiyo kake buƙata ba sam, hoto shida a awa ne, kwana biyu 288 ke nan, filas ƙarami ma zai ɗauke su. Abin da za ka nema shi ne Micro-Manager, an fara shi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko don sarrafa kyamarori da maikiroskof, kyauta ne kuma da ImageJ a jikinsa yake zuwa. Kyamarar USB ta gama-gari yawanci tana shiga ta hanyar abin da suka kira OpenCVgrabber wajen saitin farko. In ta shiga ka buɗe tagar Multi-Dimensional Acquisition, ka sa adadin hotuna 288, tazara minti 10, sannan abu mafi muhimmanci a ƙasarmu, ka sa alama a wajen ajiyewa ka zaɓi kowane hoto ya zama fayil ɗinsa daban a faifai. In ka bar su a memori aka ɗauke wuta a awa ta 40 ka rasa duka, in kuwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya abin da ka rasa shi ne na lokacin duhun kawai, kuma ka rubuta lokacin da ya tsaya da lokacin da ka tayar don kar ka lissafa giɓin a matsayin minti goma. Ka yi aikin da laftof mai batir mai rai ba kwamfutar tebur ba, ka hana ta barci a saitin wuta, ka kashe mata intanet don kar Windows ya sabunta kansa cikin dare ya sake tashi.

Haske shi ne sauran aikin. Kar ka dogara da taga, rana za ta fito ta faɗi hotunanka su riƙa haske suna duhu, ga shi tsiro na bin haske yana karkata. Ka sa abin a cikin kwali da fitilar LED mai aiki da batir ko fawa bank. Dalilin da na ce batir, wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara na gani, shi ne ratsin nan baƙi-baƙi da ke yawo a hoto, in janareta ne ma abin ya fi muni don shi juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka manna ɗan guntun rula a gefen faranti ya fito a kowane hoto. In ka gama akwai wata dabara da nake so ƙwarai, ka ja layi a bisa tsawon saiwar ka shiga Image, Stacks, Reslice, zai haɗa maka hoto guda ɗaya wanda gefe ɗaya tsawo ne ɗaya gefen lokaci, bakin saiwar zai fito kamar layi mai gangara, lokaci na tafiya daga sama zuwa ƙasa, inda layin ya karkata gefe sosai tana sauri inda ya sauka tsaye ta huta, da ido ma za ka ga ko dare da rana sun bambanta. Kuma na ji daɗi da acca ce kuke dubawa, abincinmu ne a Filato kuma ya cancanci a tsaya a auna shi da kyau.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gida, wani lokaci in yanka namiji in haɗa da ƙwai amma rabi ba ya ƙyanƙyashewa, wani ya ce min ana iya duba ƙarfin maniyyin da bidiyo. Wayata tana da sulo moshan, zai yi? Daga mai kifi a Farin Gada.

AMSA: Zai yi Alhaji, in kana da maikiroskof ko kana da inda za ka ara. Tun 2007 wasu masu bincike biyu, Wilson-Leedy da Ingermann, suka fitar da wani ƙari na ImageJ don wannan aikin a kan wani ƙaramin kifi, mutane kuma suka ci gaba da amfani da shi a kan wasu kifaye. Sulo moshan ɗin ma shi ya fi dacewa don abin yana da sauri ƙwarai, firam 30 ba ya kama shi da kyau. Tarkon da ke ciki guda ɗaya ne, wayar ta ɗauka da firam 120 ko 240 a daƙiƙa amma sau da yawa tana ajiye fayil ɗin ya riƙa tafiya a 30 don ka gan shi a hankali, in ka gaya wa manhaja 30 za ta ce maka maniyyin ya fi yadda yake rauni sau huɗu ko sau takwas, ka je ka zargi kifin da ba shi da laifi. Lambar ɗauka za ka sa, ba ta kallo ba. Sannan maniyyin kifi ba ya motsi sai ruwa ya taɓa shi, in ya taɓa kuma ɗan lokaci kaɗan gare shi, kafin minti ɗaya ko biyu ya lafa, don haka ka gyara fokas tukuna, ka kunna bidiyo, sannan ka ɗiga ruwan, kuma kullum ka gwada daƙiƙa iri ɗaya bayan ɗigawar, misali daga ta 10 zuwa ta 12, in ba haka ba kana kwatanta wanda ya fara gudu ne da wanda ya gaji. Amma in don ka san ko namijin nan zai yi ne kawai, ba sai ka kai ga manhaja ba, ka duba da ido ko yawancinsu sun zabura gaba ɗaya da ruwa ya taɓa su. Ka kuma sa ma'aunin zafi a ruwan ƙyanƙyasarka, tarwaɗa kifin wuri mai ɗumi ne, sanyin Jos kaɗai ya isa ya ɓata ƙwai ko da namijin lafiyayye ne.

TAMBAYA: Malam hotunan da na ciro daga bidiyo sun yi duhu, in na ƙara musu haske a ImageJ ba a ce na yi maguɗi ba? Daga wata malamar makaranta a Gangare.

AMSA: Malama ba maguɗi ba ne in kin bi ƙa'ida. A Image, Adjust, Brightness/Contrast, in kin ja maɓallan a hoto baƙi da fari abin da idonki ke gani kawai ke canjawa, lambobin da ke cikin fiksel suna nan yadda suke har sai kin danna Apply, to shi wannan ɗin yana sake rubuta su kuma in kin ajiye a kan fayil ɗin ba sa dawowa. Shi ya sa nake cewa a fara canja hoton zuwa 8-bit, don a hoto mai launi jan maɓallan na taɓa lambobin. Ki ware folda ɗaya ki sa mata suna asali, ki kwafe ta a filas, kar ki taɓa yin aiki a cikinta. Duk gyaran da za ki yi ki yi wa firam ɗin duka iri ɗaya, da na gwaji da na kwatance, ki kuma faɗa a rubutunki cewa kin ƙara haske da kaza. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ki haskaka wani ɓangare ki bar wani, ko ki goge wani ɗigo don ya ɓata miki hoto. In kuma ƙarfin hasken kansa kike son aunawa, misali yadda launi ke dusashewa da lokaci, bidiyon waya bai dace ba, matsewar da na yi bayani a sama da gyaran hasken da waya ke yi da kanta sun riga sun taɓa lambobin, sai ki nemi kyamarar da ke ajiye TIFF kai tsaye ki kulle haskenta tun daga firam na farko.